Tarihin Malam Abdussalami Mai Gimbana

A cikin manyan almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, babu wanda labarinsa ya fi na Malam Abdussalami nauyin bayarwa. Dalili kuwa shi ne, saboda abin da aka yi wa jama'arsa ne wutar jihadi ta kama, shi ne kuma ya fi shahara cikin malaman da suka yi shakkar shugabancin wanda ya gaji Shehu, har abin ya kai ga yaƙi. Mun ga ya kamata masu karatu su san yadda mutum ɗaya ya tsaya a waɗannan wurare biyu.

Malam Abdussalami ɗan Ibrahim Ba'are ne, watau daga cikin Arawa, ba Bafilace ba. Sunansa na yanka Mika'ilu, daga baya ya ɗauki sunan da aka san shi da shi. Ya zo wurin Shehu a Degel neman ilmi, ya zauna kusa da shi, ya yi karatu har ya zama malami mai almajirai nasa na kansa. A cikin shugabannin jama'ar Shehu waɗanda ba Filani ba, shi ne ya fi kowa yawan mabiya.

A ƙarshen ƙarni na 18 Sarkin Gobir Nafata ya kafa dokoki don ya rage ƙarfin jama'a. Ya hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, ya hana wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, ya hana maza rawani, mata kuma lulluɓi. Da Abdussalami ya ga zama ya yi wuya, sai ya tashi da mutanensa ya koma Gimbana, cikin ƙasar Kabi. Bayan Yunfa ya hau gadon Gobir, ya nemi su komo, suka ƙi. A ƙarshen shekarar 1803 mayaƙan Gobir suka faɗa wa Gimbana, suka kashe waɗanda suka kashe, suka kama saura. Abdussalami ya tsira. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Degel, sai mutanen Shehu suka kwance su. Wannan ya fusata Yunfa ƙwarai, shi ya jawo hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka yi wa Shehu mubaya'a, a watan Yuni kuma aka gwabza a Tafkin Kwatto.

Abdussalami ya yi jihadi tare da jama'a har aka ci Alƙalawa a 1808. Amma da aka zo rabon ƙasa, sai zuciyarsa ta ɓaci. A 1812 Shehu ya danƙa yamma a hannun ƙanensa Abdullahi, gabas kuma a hannun ɗansa Muhammadu Bello. Abdussalami kuwa aka ba shi Sabiyel, ƙarƙashin Abdullahi, shi ko yana ganin wahalar da ya sha ta fi wannan rabo. Da aka ga yana neman faɗaɗa ikonsa, sai aka maishe shi Kware, arewa da Sakkwato ba nisa, inda idon Bello zai riƙa kaiwa gare shi. Can ya zauna, ya kewaye garin da ganuwa, mutane suka yi ta taruwa wurinsa.

Muddin Shehu na da rai, rigimar ba ta wuce gunaguni ba, domin Abdussalami bai fita daga ɗa'ar malaminsa ba. Shehu ya rasu a Sakkwato ran 20 ga Afrilu, 1817, aka naɗa Muhammadu Bello Sarkin Musulmi. Nan da nan ƙasashe da dama suka yi tawaye, musamman wajen Zamfara. Abdussalami ya yi jinkirin zuwa, sai da aka kira shi ya zo Sakkwato ya yi mubaya'a. Amma da ya koma Kware sai ya ci gaba da ciniki da mu'amala da waɗanda Sakkwato ta ɗauka abokan gaba, garinsa kuma ya zama mafaka ga masu ƙorafi.

Daga nan takardu suka yi ta kai da kawowa tsakaninsa da Sarkin Musulmi. Abin da Abdussalami ya kafa hujja da shi biyu ne. Na farko, ya ce zalunci ya yi yawa a hannun waɗanda aka ba iko, abin da aka yi jihadi don a kawar ya komo, saboda haka bai ga wajibcin bin su ba. Na biyu, ya yi kukan rabon ƙasa, har ya zana taswira a takardarsa yana nuna abin da dangin Shehu da manyan Filani suka samu, da ɗan abin da aka bar masa. Sarkin Musulmi Bello, wanda shi ma malami ne mai zurfi, ya amsa masa da nassi. Ya nuna masa cewa mubaya'a alkawari ce, laifin waɗansu hakimai ba ya warware ta, kuma wanda ya haɗa kai da kafirai a kan Musulmi hukuncinsu ya hau kansa.

To, a nan ne gaɓar maganar take. Abdussalami bai yi musun Alƙur'ani ba, bai yi musun abin da Shehu ya karantar ba. Tambayarsa ita ce, ɗa'ar da aka yi wa malami saboda ilminsa da adalcinsa, shin tana wucewa ga magajinsa ko da mabiyi yana ganin an kauce? Tambayar da ke gaban Bello kuwa ita ce, in kowane malami mai jama'a ya sami damar auna shugaba ya ajiye shi ranar da ya ga dama, me zai rage na daular da ba ta fi shekara goma sha uku ba?

Irin wannan sabani ba a ƙasar Hausa kaɗai ya faru ba, yakan sami kowace jama'a ta addini da ta taso a hannun mutum guda. A cikin wannan ƙarni dai, can Amurka, wani mai suna Joseph Smith ya kafa cocin da ake kira Mormon a 1830. Addininsu daban ne da namu, ba kuma muna gwada shi da Shehu ba ne. Abin lura shi ne, David Whitmer, ɗaya daga cikin mutum uku da suka ba da shaida a kan littafin cocin, ya rabu da shugabannin a 1838. Har ya mutu a 1888 bai janye shaidarsa ga littafin ba, amma ya tsaya a kan cewa shugabannin sun saka ra'ayinsu cikin abin da suke jinginawa ga Allah. Shi an kore shi ne kawai, ya tsufa a gidansa. A Kware kuwa addini da mulki a hannu ɗaya suke, don haka takobi ne ya raba gardama.

A ƙarshen 1817 rundunar Sarkin Musulmi ta kewaye Kware, a farkon 1818 aka ci garin. Abdussalami ya fita da rauni a jikinsa, ya nufi Bakura cikin Zamfara, can ajali ya same shi. Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, suka gagari Abdullahi na Gwandu, sai da Bello ya kawo masa gudunmawa wajen 1820 aka ci su. A wurin nan ne Abdullahi da Bello suka shirya, bayan sanyin da ya shiga tsakaninsu tun rasuwar Shehu. Ɗansa Buhari kuwa daga baya ya yi biyayya ga Gwandu, shi ne ya kafa garin Jega.

Mafi yawan abin da aka sani game da Abdussalami daga alƙalamin Sarkin Musulmi Bello ya fito, cikin littafinsa Sardul Kalami, inda ya tsara abin da ya gudana tsakaninsu. Dole mai karatu ya tuna cewa wanda ya yi nasara ne ya rubuta. Amma dole kuma a yaba wa Bello, domin bai ɓoye hujjar abokin gardamarsa ba, ya kawo takardunsa sa'an nan ya amsa su, shi ya sa har yau muke iya jin ɓangarorin biyu. Hukuncin abin da ke cikin zukatansu yana wurin Allah. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba shugabanni kunnen sauraron kuka, ya ba mabiya haƙuri da sanin iyaka, amin.