Cruz Lizárraga: mai busar da ya fitar da kiɗan banda daga ƙauye

A yau ƙungiyoyin kiɗan banda na ƙasar Meziko suna cika filayen wasa da dubban ƴan kallo, a gida da kuma Amurka. Amma shekaru tamanin da suka wuce, kiɗa ne da masu hali ke yi wa kallon raini, suna ɗaukarsa na ƙauyawa da mashaya. Cikin waɗanda suka sauya wannan kallo, babu wanda ake ambata kamar Cruz Lizárraga.

An haife shi ranar 1 ga watan Yuli na shekarar 1918 a El Recodo, wani ƙaramin ƙauye kusa da birnin Mazatlán da ke gaɓar teku, a jihar Sinaloa ta arewa maso yammacin Meziko. Tun ƙarni na 19 yankin ya saba da kayan busa na Turawa, waɗanda suka shigo ta tashar jiragen ruwa, musamman ta hannun Jamusawa ƴan kasuwa. Mutanen ƙauyuka suka karɓi kayan, suka haɗa su da babbar gangar da suke kira tambora, suna kaɗawa a bukukuwan aure da na addini. Wannan haɗin ne ake kira banda.

Cruz ya koyi busa klarinet tun yana saurayi. A shekarar 1938 ne aka kafa ƙungiyar da ta ɗauki sunan ƙauyensu, wato Banda El Recodo, kuma ya shugabance ta har ƙarshen rayuwarsa. Abin da ya fara yaƙa shi ne rainin da ake yi wa makaɗa. Ya sa yaransa suna sanya tufafi iri ɗaya, domin duk wanda ya gan su ya san ma'aikata ne masu sana'a. Bai kuma tsaya ga kiɗan gargajiyar Sinaloa kaɗai ba. Ya riƙa ɗauko salon da ake yayi a birane, irin su mambo da kumbiya, yana mayar da su cikin kayan busa.

A farkon shekarun 1950 ƙungiyar ta fara naɗar faifai da kamfanin RCA Victor. Daga baya ta yi wa shahararren mawaƙi José Alfredo Jiménez kiɗa, abin da ya kai sautin banda kunnen mutanen da ba su taɓa taka Sinaloa ba. Shekaru da dama ƙungiyar ba ta da mawaƙi nata na dindindin, busa da ganga kawai take yi. Sai a ƙarshen shekarun 1980 Cruz ya buɗe ƙofa ga mawaƙa, kuma zuwan Julio Preciado ya ƙara mata farin jini, daidai lokacin da ƴan Meziko mazauna Kalifoniya suka rungumi banda a matsayin kiɗan da ke tuna musu gida.

Cruz Lizárraga ya rasu ranar 17 ga watan Yuni na 1995 a birnin Meziko, yana da shekaru 76. Mutuwar shugaba kan tarwatsa ƙungiyoyin makaɗa da yawa, amma tasa ba ta watse ba. Ɗansa Germán ya fara riƙe ta, sannan ƙannensa Alfonso da Joel suka ci gaba. Ƙungiyar ta yi wasa a nahiyoyi biyar, ta kuma lashe kyaututtukan Latin Grammy. Har yau ƴan Meziko suna yi mata kirari da uwar dukkan ƙungiyoyin banda, kuma sunan Cruz yana nan liƙe da sunanta a kan faifai da allunan sanarwar wasa.