Ibn Tumart, Malamin Ƙauyen Tinmel

A cikin duwatsun Atlas na ƙasar Maroko, kimanin kilomita 100 kudu da Marrakesh, akwai wani ƙauye mai suna Tinmel. Mazaunansa Amazig ne, dangin Buzaye ta wajen harshe. Wanda ya ratsa ta wurin a yau ba zai zaci nan ne mafarin daular da ta mallaki Arewacin Afirka da Andalus ba.

An haifi Muhammad Ibn Tumart wajen shekarar 1080 a yankin Sus, cikin ƙabilar Masmuda. Ya fita neman ilimi har ƙasashen gabas. A hanyarsa ta komowa ya haɗu da wani saurayi, Abdulmumin, kusa da garin Bijaya, ya riƙe shi almajiri. Da ya isa Marrakesh sai ya shiga sukar sarakunan Murabiɗun a fili, har zaman birnin ya gagare shi. A 1121 mabiyansa suka yi masa mubaya'a a matsayin Mahadi, ba da daɗewa ba ya koma Tinmel, inda hanya ƙunci ce, dawakin sarki ba sa iya kutsawa.

A can ya koyar da tauhidi da harshen mutanen wurin. Ya kafa majalisar mutum 10 da ta mutum 50, kowace ƙabila ta san matsayinta. Amma hannunsa na da nauyi: an kashe mutane da yawa da aka zarga da rashin biyayya.

A 1130 rundunarsa ta sha kashi a bakin Marrakesh, shi kuma ya rasu a shekarar. Mabiyansa, Muwahhidun, ba su watse ba, domin tsarin da ya bari ya riƙe su. Abdulmumin ya gaje shi, ya ci Marrakesh a 1147, sannan ya gina babban masallaci a Tinmel.

Ƴan kasuwa ma sun san daular. Zinariyar Afirka ta Yamma tana shiga hannunta ta Sijilmasa. Dirhaminta na azurfa mai kusurwa huɗu, wanda ke ɗauke da laƙabin Ibn Tumart, ya samu karɓuwa har Turawa suka riƙa buga irinsa.

Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta rushe babban ɓangare na masallacin, bayan ya haura shekara 800 a tsaye.