Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ilmin taurari

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Ɗa ne ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, kuma a hannun mahaifinsa da baffansa Abdullahi ya yi karatu. Shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, ya kuma zama Sarkin Musulmi a 1817 bayan rasuwar Shehu.

An fi saninsa da yaƙi da mulki da littafinsa Infaƙul Maisuri, ba kasafai ake tuna saninsa na taurari ba.

A 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Sakkwato, ya nuna wa Sarki taswirar sararin samaniya. Sai ya tarar Bello ya san buruji goma sha biyu duka, da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Ba abin mamaki ba ne, domin malamin wancan zamani da taurari yake gane alƙibla da sa'o'in dare da ƙaratowar damina, kuma kuskure a lissafin yana iya jawo asarar iri.

Da Clapperton ya dawo a 1826, ya kawo masa littafin lissafi na Uƙlidis cikin Larabci. Bello ya yi murna ƙwarai, domin gidansu na da irinsa da aka samo daga Makka, amma gobara ta cinye. Sai dai ziyarar ba ta ƙare da daɗi ba. Ana yaƙi da Barno, Sarki ya hana baƙon wucewa can, kuma a Sakkwato ya rasu a 1827.

Ilmin da Bello ya gada na matsayin tauraro ne da lokacin fitowarsa. Sai a 1866 Angelo Secchi, a birnin Rum, ya rarrabe hasken wani tauraro zuwa launuka, ya ga alamar iska mai zafi kewaye da shi. Daga baya aka gane akwai irinsa a cikin Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya. Sunansa Pleione, yana juyawa da tsananin sauri har yana zubar da iskar jikinsa, ta yi masa lulluɓi na tsawon shekaru, kamar yadda aka gani daga 1938, sannan ta yaye.

Bello ya yi ƙarshen rayuwarsa a ribaɗin Wurno. A can ya rasu a 1837, bayan shekara 20 yana sarauta, kuma a can kabarinsa yake.