Sarki Joji na Shida: Basaraken da ya mulki daula da in'ina a bakinsa

Dattawan da suka yi ciniki da sulalla kafin samun 'yancin kai za su iya tuna fuskar wani Bature da ke jikin kuɗin. Shi ne Sarki Joji na Shida, mahaifin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, wanda ya sarauci Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta, har da Nijeriya, daga 1936 zuwa 1952. Duk da girman kujerarsa, babu abin da ya fi firgita shi a rayuwa kamar a miƙa masa makirufo, domin ya tashi da in'ina mai tsanani.

An haife shi ranar 14 ga Disamba, 1895, a Sandringham da ke Ingila, aka raɗa masa suna Albert. Shi ne ɗa na biyu a wajen Sarki Joji na Biyar, don haka babu wanda ya yi masa zaton sarauta. Ƙuruciyarsa ba ta yi masa daɗi ba. Bahago ne, amma aka tilasta masa rubutu da hannun dama. Yana da gwame, aka riƙa ɗaura masa ƙarafa a ƙafa don su miƙe. Mahaifinsa mutum ne mai zafi, kuma yakan gaza haƙuri idan yaron ya tsaya yana kokawa da kalma. Wajen shekara bakwai zuwa takwas in'inar ta bayyana sosai, ya zama mai kunya da noƙewa a cikin jama'a.

A 1909 aka kai shi makarantar sojan ruwa ta Osborne, inda ya zo na ƙarshe a jarrabawar fita. Duk da haka ya shiga aikin, har ya halarci gumurzun Jutland a 1916 a cikin jirgin yaƙi mai suna Collingwood. Daga baya ya koma rundunar sojan sama ya koyi tuƙin jirgi. A 1920 mahaifinsa ya ba shi sarautar Yariman York, a 1923 kuma ya auri Elizabeth Bowes-Lyon, wadda sai da ta ƙi tayinsa sau biyu kafin ta amince.

Ranar 31 ga Oktoba, 1925, aka ɗora masa nauyin rufe bikin baje kolin Daular Birtaniya a filin Wembley, bikin da Nijeriya ma ta halarta. Ga dubban mutane a gabansa, ga kuma masu sauraro ta rediyo. Kalmomi suka riƙa maƙale masa, shiru ya yi ta tsawo, jama'a suka rasa inda za su sa fuskarsu. Kafin wannan rana ya riga ya ga masu magani da dama ba tare da dacewa ba, kuma abin da ya faru ya kusa sa shi ya fid da rai.

A watan Oktoban 1926 ya hau bene zuwa ofishin Lionel Logue a titin Harley da ke Landan. Logue ɗan Ostiraliya ne, ba shi da digirin likita. Malamin koyar da iya magana ne wanda ya ƙware wajen taimakon sojojin da firgicin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɗauke wa murya. Ya kafa sharaɗin cewa Yarima ne zai riƙa zuwa wurinsa kamar kowane mai neman taimako, kuma za su yi mu'amala ba tare da shamakin fada ba.

Hanyar Logue ta ginu a kan numfashi da natsuwa. Ya koya wa Yarima jan numfashi daga can cikin ciki, da sassauta jijiyoyin wuya da kafaɗa, da lura da lokacin da jikinsa ya fara ɗaurewa kafin kalma ta maƙale. Ya ba shi atisayen kusan awa guda kullum: ya tsaya gaban taga a buɗe yana jan wasula, ya kuma riƙa maimaita karin maganar karya-harshe. Idan jawabi ya taso, su biyun sukan zauna su bi takardar layi-layi, su sa alama inda zai dakata ya numfasa, su musanya kalmar da ke ba shi wuya da wata mai sauƙi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne Logue ya cire masa tunanin cewa hankalinsa ne ke da tangarɗa. Matarsa kuwa takan raka shi, ta koyi atisayen, ta taya shi yi a gida. A watan Mayun 1927 ya buɗe ginin majalisar Ostiraliya a Canberra, ya kai ƙarshen jawabinsa lafiya.

Sai ga ƙaddara ta zo da abin da ya fi wannan. A Disambar 1936 wansa, Sarki Edward na Takwas, ya yi murabus domin ya auri wata Ba'amurkiya, Wallis Simpson. Mutumin da ke tsoron makirufo ya wayi gari shi ne sarki, a daidai zamanin da rediyo ya shiga gidaje. Wasu sun yi ta raɗe-raɗin cewa ba zai iya ɗaukar rantsuwa ba. Ranar 12 ga Mayu, 1937, aka naɗa shi, Logue na zaune a cikin majami'ar, kuma ya furta rantsuwar.

Ranar 3 ga Satumba, 1939, da Birtaniya ta shelanta yaƙi da Jamus, ya yi wa daular jawabi ta rediyo, Logue na tsaye tare da shi a ɗakin. Ya yi maganar a hankali, da dogon numfashi tsakanin jimloli. Mutane sun san wahalar da yake sha, kuma wannan ya ƙara masa ƙima a idonsu. Shi da matarsa sun ƙi barin Landan lokacin ruwan bama-bamai, har bam ya faɗa fadar Buckingham a Satumbar 1940 suna ciki. A ƙarƙashin tutarsa ne dubban 'yan Arewa suka yi yaƙin Bama. A Kirsimetin 1944 ya yi jawabinsa na shekara ba tare da Logue a gefensa ba.

In'inar ba ta taɓa barinsa gaba ɗaya ba. Abin da ya samu shi ne iya zama da ita, da daina jin tsoronta, da mutanen da suka tsaya masa. Masana a yau sun tabbatar cewa in'ina tana da alaƙa da gado da kuma yadda ƙwaƙwalwa ke tsara furuci, kuma tana shafar kusan mutum 1 cikin 100 na manya, maza sun fi yawa. Tsoro ba shi ne asalinta ba, amma yana ƙara mata ƙarfi. Shi ya sa masu jinyar magana ke haɗa atisaye da koyon tattara hankali, inda mutum zai lura da fargabarsa ba tare da ya yi faɗa da ita ba. Abin da sarki ya samu a wajen mutum biyu, yanzu ƙungiyoyin masu in'ina ne ke bai wa juna: an kafa irin wannan ƙungiya a Amurka a 1977, a Birtaniya kuma a 1978, kana an ware 22 ga Oktoba a matsayin ranar wayar da kai ta duniya. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Yawan shan taba da nauyin yaƙi sun ci ƙarfin sarkin. A Satumbar 1951 aka cire masa huhun hagu saboda ciwon daji. Ya rasu cikin barci a Sandringham ranar 6 ga Fabrairu, 1952, yana da shekara 56, lokacin 'yarsa Elizabeth na ziyara a Kenya. Logue ya bi bayansa a watan Afrilun 1953.

A kasuwanninmu da ofisoshinmu akwai masu in'ina da ke gudun ɗaga waya ko tashi a taro, akwai kuma yaran da ake dariya ko tsawa idan harshensu ya sarƙe. Uban da ya jira ɗansa ya ƙarasa maganarsa, da shugaban ofis da ya ba ma'aikacinsa lokaci, sun yi irin aikin da Logue ya yi wa sarki.