Imam Suyuɗi: Malamin da ya yaƙi satar rubutu, shi ma aka zarge shi

An haifi Jalaluddin Suyuɗi a Alƙahira a 1445. Ya tashi maraya, ya rubuta ɗaruruwan littattafai, kuma shi ya kammala Tafsirin Jalalaini da ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa.

A wajensa, albarkar ilimi tana cikin jingina magana ga mai ita. Har littafi ya rubuta kan bambancin marubuci da ɓarawo.

Sai dai abokin hamayyarsa, Sakhawi, ya zarge shi da kwashe rubutun magabata daga ɗakin karatun Mahmudiyya. Suyuɗi ya mayar masa da martani mai zafi a rubuce.

Ya rasu a 1505. Littattafai da dama da ya ambata sun ɓace, amma albarkacin ambatonsa masu bincike suka san abin da suka ƙunsa.