Nana Asma'u: ɗiyar Degel da ta kai makaranta har ƙofar ɗaki

Kafin ka juya shafi zuwa hotunan biki, tsaya mu yi zancen wata baiwar Allah.

An haifi Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Degel wajen shekarar 1793, tagwaye ita da ɗan uwanta Hassan. Kada ka zaci Degel wani birni ne. Ɗan ƙauye ne na malamai da almajirai, kowa ya san ɗan kowa. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sai sauran matan gidan suka riƙe ta. A can yaro ba ya raba karatu da zaman gida: ya wanke allo, ya ɗebo ruwa, ya ga yadda ake tarbar baƙo. Ba a kuma kori ƴaƴa mata daga zaure ba, don Shehu da kansa ya sha sukar malaman da ke koyar da almajiran waje su bar matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Da irin wannan reno ta haddace Alƙur'ani, ta kuma iya Larabci da Fulatanci da Hausa da Buzanci.

Tana da kimanin shekara 11, a 1804, jama'a ta yi hijira zuwa Gudu, aka shiga shekarun yaƙi da yunwa. Kai da ka ga abin da ya biyo bayan harin Boso da Difa a watan Fabrairu na 2015, yadda ƙauyukan bakin Komadugu suka watse, aka rufe makarantu, mutane suka kafa bukkoki a gefen kwalta, ba sai an bayyana maka abin da gudun hijira ke yi wa karatun yaro ba. Ita ma ta ɗanɗana, kuma ba ta ajiye karatu ba.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin yayanta Muhammadu Bello. Mun san Borno da Sakkwato sun yi saɓani a zamanin, Shehu Laminu da Bello sun yi musayar wasiƙu masu zafi. Wannan bai hana mu ɗaukar abin kirki daga can ba.

Babban aikinta ya zo bayan rasuwar Bello a 1837. Ƙauyuka sun cika da matan da yaƙi ya raba da garuruwansu, da yawansu bori kawai suka sani, kuma matar aure mai goyo ba ta iya tafiyar kwanaki neman ilimi. To, me ta yi? Ta zaɓi dattijai mata masu amana, ta naɗa kowace jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle. Malfar nan a Gobir alamar Inna ce, shugabar bori. Asma'u ta maishe ta alamar malanta. Jaji takan taho Sakkwato da tsofaffi da ƴan mata waɗanda ba su kai aure ba, su koya, su koma su koyar da waɗanda ke cikin gidaje. Su ake kira Ƴan Taru.

Duba yadda ta auna ɗalibanta. Ba su iya karatu ba, amma sun iya waƙa a bakin turmi, sai ta zuba darasin cikin waƙoƙi da harshen da suke ji: alwala, salla, tarihin Annabi (SAW), har sunayen surorin Alƙur'ani a waƙa guda. Darasin bai tsaya ga ibada ba, ya haɗa da jinyar mara lafiya, kula da mai jego, wankan gawa da sulhu tsakanin maƙwabta. Hatsi da zuma da sauran sadakar da suka kawo mata kuwa, rabawa take ga mabukata. A ganina nan ne ta fi yawancinmu: mu kan kawo littafi mu ce yaro ya daidaita da shi, ita kuwa sai ta fara duban wanda ke zaune gabanta.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorancin Ƴan Taru, kuma a yau har a Amurka akwai Musulmi mata da ke karatu da wannan suna. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.