Nana Asma'u 'Yar Shehu Da Rashe-Rashen Da Ta Jure

An haifi Nana Asma'u a Degel cikin shekarar 1793, ita da ɗan'uwanta Hassan, watau tagwaye ne. Tun tana ƙarama mahaifiyarta Maimuna ta rasu, sai sauran matan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ɗauki renonta. Tana da kamar shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yaƙi da yunwa da ƙaura daga wannan zango zuwa wancan.

Allah Ya yi mata tsawon rai, ta ga ƙarshen kusan duk manyan da aka fara jihadi da su. Shehu ya rasu a Sakkwato a 1817. Baffanta Abdullahi na Gwandu ya bi baya, sa'an nan a 1837 aka yi rashin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno. Wannan rashi ya girgiza ta ƙwarai, domin kuwa Bello malaminta ne kuma abokin shawararta a kan al'amuran ilmi. A cikin marsiyyar da ta yi masa ba ta ɓoye kiɗimarta ba, har ta kamanta kanta da ɗan tsakon da uwarsa ta mutu ta bar shi.

Abin lura shi ne yadda ta bi da wannan baƙin ciki. Ita da mijinta Waziri Giɗaɗo sun duƙufa ga rubuta halayen Shehu da na Bello, don kada su ɓace tare da mutanen da suka san su ido da ido. Cikin shekarun nan ne kuma ta tsara karatun matan karkara da aka sani da 'Yan Taru, inda take naɗa jaji, ta ba ta malfa, ita kuwa jajin ta riƙa kawo mata daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma gida da shi.

Daga baya mijin nata ya rasu, sai kuma aminiyarta A'isha, matar Bello, wadda ta yi wa marsiyya da Larabci. A nan ne malantarta ta fito fili. Ta nuna cewa zubar da hawaye saboda ƙauna ba zunubi ba ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba. Kururuwa da ihu ne aka hana. A ganinmu wannan marsiyya ta fi sauran taɓa zuciya, don ba sarauta a cikinta, ba yaƙi, sai kewar ƙawa.

Har ila yau ba manya kaɗai ta yi wa marsiyya ba. Ta yi wa jaji Hauwa'u, ta kuma yi wa wasu mata da tarihi ba zai san sunansu ba in ba don alƙalaminta ba, tana ambaton haƙurinsu da taimakon da suke yi wa maƙwabta. A 1859 ta yi rashin ɗanta Waziri Abdulƙadir, ga tsufa ya kama ta.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Rubuce-rubucenta na Fulatanci da Larabci da Hausa sun tsira a hannun zuriyarta, musamman marigayi Waziri Junaidu, kuma a 1997 Jean Boyd da Beverly Mack suka buga su a littafi guda. Allah Ya jiƙan ta, amin.